Uwa Tana Koyarwa, Ɗiya Tana Yawon Talla

Duk wanda ya san Illela ya san kasuwarta ta ranar Lahadi, inda shanu da raƙuma da hatsi suke haɗuwa daga Nijeriya da Nijar. Amma akwai wata kasuwar a garin wadda ba ta da rumfa ko ɗaya, ba ta kuwa tashi. Ita ce ta matan aure a cikin gidajensu, watau masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da masu fura, da masu ƙosai, da masu ɗinkin hula. Wata Baturiya, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta kira irin wannan ciniki ɓoyayyen ciniki tun a 1969. Darajarsa ta fito fili sa'ad da aka rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sāke rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Hanyar Birnin Ƙwanni ta yi tsit, aljihun maza ya bushe, gidaje da yawa kuwa kaskon suyar uwargida ne ya riƙe su.

Wannan uwar dai ita ce malamar farko. Ita ke biya wa yaro Fatiha, ta nuna masa alwala, tun bai isa riƙe allo ba. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Ɗegel, inda aka haifi Nana Asma'u a 1793, tana nan ƙasar Gwadabawa, maƙwabciyar Illela. Mahaifinta, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a littafinsa Nurul Albab. Ita kuma ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji, ta ba kowace malfa, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata a cikin gida. Addini bai hana mace karatu ba, bai kuwa hana ta sana'a ba, abin da ta samu ma nata ne, miji ba shi da iko da shi.

To, ina gizo yake saƙa? Matar da ba ta fita ba ta da ƙafar kai kaya wurin mai saye sai ta ɗiyarta. Yarinya ta ɗauki faranti da sassafe ta nufi tasha ko bakin kwastan, inda manyan motoci ke kwana, ba ta komo ba sai rana ta take. Lokacin makarantar boko ya wuce, da maraice kuma gajiya ta hana ta Islamiyya. Ribar, in an tambaya, sai a ce ana tara mata kayan ɗaki ne. Kwanonin za su tsufa, jahilcin kuwa da shi za ta reni nata 'ya'yan. Tun aka buɗe shirin UPE a 1976 ake wannan ja-in-ja, dokar 2004 ta wajabta ilmin farko, amma farantin bai sauka ba.

Masu cewa a hana talla da ƙarfin doka ba su lissafa da tukunyar gidan ba. A ganinmu abin da ya kamata shi ne a sauya wa uwa ƙafa. Dillaliya tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Mata goma da ke zubin adashi tare suna iya ɗaukar dattijuwa guda ta riƙa kai musu kaya sari ga masu rumfa, su biya ta la'ada. Wayar hannu ma ta sa mai saye yana iya aikowa har ƙofar gida. Ƙaramar hukuma kuwa, in da gaske take, ta keɓe wa irin waɗannan dillalan rumfa a kasuwar Lahadi, ta yafe musu kuɗin tikiti, bisa sharaɗin cewa sunayen 'yan matan gidajen suna cikin rajistar makaranta.