Fim naka ne, waƙar fa ta wa?

Daga Bangi zuwa Madawa, Buza da Keita, matasa da dama na ɗaukar fim da wayar salula: cin kasuwa, kokowa, noman albasa, tarihin gari daga bakin tsofaffi. Da an zo haɗa hotuna sai a ɗora waƙar Shata ko ta Ɗan Gurmu a ƙarƙashi, a rubuta sunan mawaƙin a ƙarshe, a ɗauka an fita haƙƙinsa. Ba a fita ba. Ambaton suna wajibi ne, amma ba ya maye gurbin izini.

A Nijar, dokar 23 ga Disamban 2010 ce ke kare haƙƙin mawaƙa da marubuta, hukumar BNDA kuma ke karɓar musu kuɗi. Ƙasar na cikin OAPI, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Bangin Afirka ta Tsakiya ake nufi, ba namu na Madawa ba. Rasuwar mawaƙi ba ta mayar da waƙarsa kayan kowa: kariyar na ci gaba aƙalla shekaru 50 bayansa. Shata ya rasu a 1999, ke nan magadansa na da ta cewa har 2049, in ma ba a wuce nan ba. Sannan faifan da kansa yana da mai shi, wato wanda ya ɗauki sautin. Ko waƙar gargajiya da ba a san mai ita ba, in za a nemi kuɗi da ita, sai da izinin hukuma.

Wanda ke kallon fim ɗinsa a gida da iyalinsa babu ruwan kowa da shi. Matsalar na farawa ranar da ya hau intanet. YouTube na gane waƙar da aka yi wa rajista, ya toshe fim ɗin ko ya karkatar da kuɗin talla ga mai waƙar; Facebook kan kashe sautin. Masu shirya gasar fina-finai su ma sukan nemi shaidar izini.

Gaskiya Yamai ta yi wa matashin Bangi nisa, kuma ya kamata BNDA ta sauƙaƙa neman izini ta waya. Kafin nan, akwai makaɗa masu rai a karkarar. A nemi mai gurmi ko mai kalangu, a daidaita kuɗi, a ɗauki kiɗansa na kansa, a rubuta takarda mai faɗin inda za a nuna fim ɗin da tsawon lokacin, kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu.