Ɓarawon Shanu Ya Koma Cikin Waya

'Yan'uwa makiyaya da fataken shanu, a da ɓarawon da muke tsoro shi ne mai tare hanya da dare. Amma tun da MTN ya kawo MoMo ƙasar Ghana a 2009, kuɗin bajimi ya bar lalita ya koma waya, ɓarawo kuma ya bi shi can.

Sunan wannan sata a Ghana sakawa, kuma kalmar Hausa ce. Abin takaici, ana danganta asalinta da zangunanmu na Nima da Maamobi da Accra New Town, inda wasu samari suka riƙa kwana a shagunan intanet suna yaudarar Turawa da soyayyar ƙarya da cinikin zinarin da babu shi. Muka yi shiru, wai ai Bature ake cuta. To, yau ga shi ta dawo kanmu.

Ga yadda suke yi. Na ɗaya, an gama ciniki a kasuwar Tulaku da ke Ashaiman, sai saƙo ya shigo cewa an biya, alhali mai sayen ne ya ƙirƙira shi. Kafin a ankara sa ya isa mayanka. Na biyu, wani ya bugo yana magiya, wai ya turo maka kuɗi bisa kuskure, ka mayar masa, alhali ko sidi ɗaya bai shigo ba. Na uku, ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, za a rufe maka layi in ba ka faɗi lambarka ta sirri ba. Na huɗu, ya nemi lambobi shida da WhatsApp ya aiko maka, ya ƙwace shafinka, ya shiga roƙon bashi wurin abokan cinikinka da sunanka. Kazalika, gab da Babbar Sallah sukan sa hoton ragunan wani a Facebook, su karɓi kafin alƙalami su ɓace.

Sana'armu a kan amana take. Amma amanar nan tana da shaidu: ga dillali, ga fatoma, ga sarkin kasuwa. Muryar da ba ka san mai ita ba, ba ta da shaida. Don haka kada igiya ta bar hannunka sai ka buga *170# ka ga kuɗin a asusunka. Lambar sirri kuwa ba a faɗa wa kowa, ko yaron da ke karanta maka saƙo.

Bugu da ƙari, mu daina ɓoyewa saboda kunya, domin shirunmu ne jarin macuci. Dokar 2020 ta kafa hukumar tsaron intanet ta ƙasa, kuma ana kai mata ƙara ta lamba 292.

Muna kira ga kamfanonin waya da su yi gargaɗinsu da murya, cikin Hausa da Fulfulde, tunda da yawanmu ba ma karanta Turanci. Sarakunan zango da limamai da iyaye kuma su tambayi yaron da ya sayi mota ba sana'a inda ya samo kuɗin. Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, amin.