Hutun da Muke Kashe Iyayenmu da Shi

Waɗanda suke samari a 1974, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, yau sun haura saba'in. Su suka fara ganin ruwa na gudu a kanal ɗin Kadawa da rani tsaka. Su suka koyi dashen shinkafa, suka noma alkama da tumatir da albasa, har Kura da Bunkure da Garun Malam suka zama wurin da manyan motocin Kudu ke layi. To, ku je ku ga inda muka ajiye su yau: a kan benci, a gindin darbejiya, daga hantsi har la'asar.

Wannan abu yana ƙona mini rai, kuma laifin namu ne, mu 'ya'yansu. Da zarar yaro ya sayar da shinkafa ya ga kuɗi, ko kwandunan tumatir ɗinsa sun yi daraja a Kwanar Gafan, sai ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ka huta haka nan, ka bar mana gona." Sai a karɓe fartanya, a jingine kekensa a zaure har tayar ta sace. Masallacin da yake takawa sau biyar a yini, yanzu jika ke kai shi a babur. Da safe shayi mai kauri, madara da sukari har cokali ya tsaya, ga burodi. Da rana shinkafa, da dare shinkafa, a kora da lemon kwalba. Muna kiran wannan biyayya, jama'a na sa mana albarka.

Jikin da ya shekara hamsin yana sunkuyo a fadama ba ya jure a tsayar da shi rana ɗaya. Naman cinya da na ƙwauri zubewa yake idan ba a mora shi ba, kuma na tsoho ya fi saurin zubewa, ya fi wuyar dawowa. Kafin shekara ta zagayo, dattijon da ke tsallake kwalbati da buhun taki a ka sai ya dafa bango zai miƙe daga tabarma. Daga nan sallah a zaune. Daga nan santsi ya kwashe shi a banɗaki, ƙashin ƙugu ya karye, ya kwanta kwanciyar da da yawa ba sa tashi daga ita. Sai mu ce ai tsufa ne. Wane irin tsufa ne ke zuwa cikin wata goma sha biyu?

Abin da ake yi wa iyayenmu mata ya fi muni, don su ko bencin ƙofar gida ba su da shi. Matar da ta yi rayuwarta tana daka da surfe da turara shinkafa, ranar da ta samu suruka an gama da ita. Ta ɗauki tsintsiya a fizge: "Haba Inna, so kike a zage mu?" Ta ce za ta taka barkar suna a unguwar gaba, a ce ta jira a kira mai a-daidaita-sahu. Tsoron bakin mutane ya fi mana lafiyar ƙafarta. Ta wuni a ɗaki, gwiwa ta riƙe, jiki ya yi nauyi, zuciya ta ƙuntata don ba wanda ke bukatar hannunta a komai.

Ga kuma tukunyarmu. Mu ke noma tumatir, albasa, kabeji da karas, mu loda su a mota su tafi Legas, tsohon gida kuma a ajiye masa shinkafa da mai da yaji. Tuwon dawa da miyar kuka, kwaɗon zogale, fate da rama, dambu, duk mun mayar da su abincin wanda bai samu ba. Miya kuwa an cika mata dunƙule da gishiri, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi. Hawan jini ba ya sallama. Ranar da baki ya karkace, hannu da ƙafa suka saki, sai a fara neman wanda ya yi jifa ko aljanin da ya taɓa shi, a ɓata kwanaki da hayaƙi kafin a nufi asibiti. A gida nawa ne mai injin ban-ruwa biyu ya sayi na'urar awon jini ɗaya?

Na san akwai dattijon da talauci ya hana shi hutu, yana da shekara saba'in yana goye da tankin feshi ba takunkumi, yana haɗiyar ƙwayar kashe gajiya don ya kai yamma. Wannan ma zalunci ne, kuma ba shi nake nema wa kowa ba. A sauke wa tsoho buhu da tankin feshi da yinin rana. Amma a bar masa ƙafarsa.

Abin da likitoci ke nema bai taka kara ya karya ba: minti 150 na motsi matsakaici a mako, kamar tafiyar rabin awa kwana biyar, da ɗan abin da zai ƙarfafa ƙafa don gudun faɗuwa. Muna da hanyoyin gefen kanal, shimfiɗaɗɗu, da sanyin safiya. Baba ya zaga ya duba ruwa ya shiga gona ko bai shiga ba, ba sai ya tsoma ƙafa ya ɗauko tsargiya ba. A ware masa kunya biyu na alayyafo a bayan gida. A bar wa Inna awakinta da tsintsiyarta da zumuncinta na ƙafa.

Limamanmu na Juma'a, ku faɗa wa mutane a kan mumbari cewa zaunar da iyaye ba ya cikin kyautata musu. Shugabannin ƙungiyoyin manoman rani, kuna tara kuɗin ruwa da na yashe kanal. Ku gayyato ma'aikacin lafiya ya auna jinin dattawa a ranar taronku. Kai kuma da ka jingine keken mahaifinka, ka kai shi wurin mai faci yau.