Baƙin mako ɗaya

Duk shekara idan makarantun Amurka suka tafi dogon hutu, filin jirgin saman Miami kan cika da matasa sanye da riguna iri ɗaya, kowane ayari da fastonsa a gaba. Coci-cocinsu ne ke tura su Haiti ko Honduras ko Guatemala, su yi mako ɗaya ko biyu a wani ƙauye, su yi wa aji fenti, su raba magani, su koya wa yara waƙoƙin ibada, sannan su koma gida da hotuna. Masanin zamantakewa Robert Wuthnow na Jami'ar Princeton ya ƙiyasta cewa masu zuwa coci a Amurka kusan miliyan 1.6 ne ke irin wannan tafiya a shekara.

Ba na zargin niyyarsu. Da yawansu wankin mota suka yi suka tara kuɗin jirgi, kuma wanda ya bar daular gidansu ya je ya kwana a tabarma cikin sauro ya fi wanda bai motsa ba. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta hana a yi lissafi.

Bayan guguwar Mitch ta ragargaza Honduras a 1998, ayarin coci-coci sun yi ta tururuwa don gina wa mutane gidaje. Kurt Ver Beek, malamin jami'a ɗan Amurka da ke zaune a ƙasar, ya bi sawun aikin. Ya gano cewa abin da ayari guda ke kashewa, tikitin jirgi da masauki da abinci, ya ninka kuɗin gina gidan sau goma ko fiye. Bai kuma ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin iyalan da baƙi suka gina wa gida da waɗanda 'yan ƙasa suka gina wa. Hatta hujjar da aka fi kafawa, wai tafiyar na sauya zuciyar matafiyi ya zama mai yawan bayarwa, bai same ta da ƙarfi ba. To, a ƙauyen da birkila ke zaman kashe wando, me ya kawo ɗalibin da bai taɓa riƙe cokalin gini ba ya tsallako teku ya jera bulo? Kuɗin tikitinsa kaɗai zai biya magina da leburori, ya shiga kasuwar garin, ya kai ga mai sayar da abinci.

Wannan asarar kuɗi ce kawai. Inda abin ya fi muni shi ne gidajen marayu. Ranar 29 ga Janairun 2010, kwana goma sha bakwai bayan girgizar ƙasar Haiti, aka kama Amurkawa goma 'yan Baftis, yawancinsu daga jihar Idaho, ƙarƙashin jagorancin Laura Silsby, suna ƙoƙarin tsallakawa Jamhuriyar Dominika da yara 33 ba tare da takardun izini ba. Suka ce marayu suke ceto. Da aka bincika, sai ga shi yawancin yaran na da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya sa iyayen suka miƙa su, bisa alkawarin za a sa su makaranta. Ƙungiyar Lumos ta ce yara kusan 30,000 ne ke gidajen marayun Haiti, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari nasu ba marayu ba ne. Dalilin a fili yake. Baƙi na son ganin marayu, kuma a nan suke zuba kuɗi, don haka wasu suka buɗe gidajen suka shiga ƙauyuka neman yaran da za su cika su. Yaro kuwa ya shaƙu da baƙuwa ranar Litinin, ranar Asabar ta yi masa bankwana da hawaye, mako mai zuwa wata ta zo. Wane uba ne zai yarda a yi wa ɗansa haka?

Mu a ƙasar Hausa mun san wani salon aikin mishan, don haka muna da ma'auni. Likita Walter Miller ya zauna Zariya tun 1905, ya koyi Hausa har ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932. Asibitin Galmi a Nijar na aiki tun 1950, kuma mutanenmu, Musulmi da Kirista, sun san hanyar asibitin ido na ECWA a Kano. Mutum na iya saɓa wa aƙidar waɗanda suka kafa su, amma ba zai ce ba su zauna sun ji yaren mutane ba. Irin waɗannan wurare ne ma ziyarar mako ɗaya ke yi wa rana: likitan ido ya zo ya cire wa mutane yana, ya tafi ya bar majinyata a hannun ma'aikatan da za su duba su gobe.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ce ai matsalar Kiristocin Amurka ce. Ku dubi yadda ƙungiyoyinmu ke dirar wa gidajen marayu da sansanonin 'yan gudun hijira da azumi ko Kirsimeti, a jera yara a bayan buhun shinkafa biyu, a ɗauki hoto a sa a Facebook.

Ga kowane coci ko masallaci ko ƙungiya mai shirin irin wannan tafiya, kirana shi ne ku fara tambayar mutanen garin abin da suke buƙata, ta bakin fastonsu ko limaminsu ko mai garinsu. In aikin da 'yan garin za su iya ne, ku aika kuɗin su yi abinsu. In kuma ziyara kuke so ku kai don ku gani ku koya, ku kira ta ziyara, ku biya daga aljihunku, kada ku karɓi sadakar mutane da sunan talakan da ba shi zai ci ta ba.