GAYYAR KARATU

'Yan'uwa, a saurara. Sa'ad da Nijar ta sami 'yanci a 1960 ba ta da jami'a ko ɗaya, sai ɗiyanmu su tafi Dakar ko Faransa. A 1971 aka kafa makarantar da ta zama Jami'ar Yamai, na Maraɗi da Damagaram da Tawa kuwa sai a 2010. Gini ya tashi, koyarwa ba ta bi shi ba: ɗalibai cunkushe, littattafai kaɗan, malami ya yi shifta ya tafi, ba halin tambaya.

To, yaran ba su naɗe hannu ba. Sukan taru biyar-biyar da dare. Wanda ya gane lissafi ya fahimtar da saura, su warware tambayoyin jarrabawar bara tare. Wannan gayya ce, irin tamu ta gona.

Mun yaba. Amma gayya ba ta sauke wa mai gona nauyin gonarsa. Gwamnati ta ƙaro malamai, ta biya su kan kari. Kowane reshe kuma ya ba ɗaliban garinsa ɗaki da fitila lokacin hutu, su ma su koyar da ƙannensu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka!