Makullin mota a ƙusa, yaro a hannu



Akwai maganar da na daɗe ina jin kunyar faɗa a bainar jama'a, ni da ake gani gaban taro ina riƙe da lasifika. Shekara uku na yi da permi a jakata ban taɓa tayar da mota ba. Na same shi a 2018, ina ɗaliba a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Na ci jarrabawar, na karɓi takardar, na saka ta tsakanin katin ɗan ƙasa da katin rigakafi, na manta da ita. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce ban samu lokaci ba. Ƙarya nake. Tsoro nake ji.

Tsoron yana da asali. Ina ƴar shekara 15 muka taso daga Yamai za mu gida Filinge cikin motar haya, ranar Lahadi, daidai lokacin da kasuwar Balleyara ke watsewa. Wanda ya san wannan hanya ya san yadda take a irin wannan rana: shanu, raƙuma, amalanken jakai, mata da kaya a ka, kowa na neman gida kafin magariba. Direbanmu bai rage gudu ba. Saniya ta ratso, ya kauce, muka kife. Na fita da karayar hannu. Matar da ke zaune kusa da ni, wadda ta ba ni gyaɗa kafin mu bar tasha, ba ta fita da rai ba. Tun ranar, in na ji ƙarar birki sai hanjina ya kaɗa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Na yi aure, muka zauna Filinge, Allah ya ba mu ɗa namiji. Maigida yana da wata tsohuwar Toyota da ya saya hannu na biyu. Shi ke kai ni awo, shi ke kai mu rigakafi. In ba ya nan, ƙanensa. Na ɗauka haka rayuwa za ta tafi har abada, kuma ban ga laifinta ba.

Sai wani dare cikin watan Agustan 2021, tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓin sauro ke kwantar da yara gida gida. Maigida ya tafi Yamai a motar haya, ya bar tasa a gida. Ƙanensa yana ƙauye wurin noma. Wajen ƙarfe biyu na dare yaron, yana da wata 14, ya sandare a hannuna, idanu sun juye, jiki na karkarwa. A lokacin dokar hana hawan moto da aka kafa a jihar Tilaberi tun Janairun 2020 tana aiki, babu ɗan kabu-kabun da zai fito. Mota na tsaye a tsakar gida, da mai a cikinta. Makulli na rataye a ƙusa bayan ƙofa. Permi na cikin jaka. Likita ba ta kai kilomita biyu daga gidanmu ba.

Na ɗauki makullin, wallahi na ɗauka. Hannuna ya ƙi. Na kasa ko saka shi a ramin ƙofar motar. Sai na goya yaron na fita cikin taɓo ina buga ƙofofin mutane. A irin zamanin da muke ciki, wa zai buɗe ƙofa ƙarfe biyun dare ba tare da ya yi ta tambaya ba? Gida na huɗu ne wani dattijo, tsohon direban babbar mota, ya gane muryata ya ce, "Ɗiyata, mi ya hwaru?" Shi ya tuƙa mu. Tsakanin sandarewar yaro da isarmu likita an yi kusan minti 40, a tafiyar da ba ta wuce minti biyar ba.

Allah ya yi da sauran kwanansa. Yau ga shi nan yana zuwa lakwal, yana faɗa da ƙanwarsa a kan farantin tuwo. Amma da safe, ina zaune bakin gadonsa, na yi wa kaina tambayar da nake so in yi wa kowace uwa da kowane magidanci a ƙasar Kurfai: in motar gida namiji kaɗai ya iya tayar da ita, ranar da ba ya nan, ta wa ce?

Kuma mazanmu ba sa nan sau da yawa. Kowa ya san da an gama girbi samari da magidanta ke watsewa ci-rani, wasu Yamai, wasu Najeriya, wasu Gana ko Abijan, wasu har Libiya. Ma'aikaci kuma yau yana nan gobe an tura shi wani gari. Mace ake bari da yara, da tsofaffi, da ciwon dare. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. To amma kyautar tana can likita. Sai an kai yaron za a ba shi. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna cewa jinkiri uku ke kashe mata da yara: jinkirin yanke shawarar a tafi, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyun nan, a gidan da ke da abin hawa, muna iya rage shi da hannunmu.

Bayan sati biyu na koma wurin dattijon nan na ce, "Baba, so nike ka koya mini." Ya ce, "Ba kin ce kina da permi ba?" Na ce ina da takarda dai. Ya yi dariya ya ce, "To, takarda ba ta tuƙi. Gobe bayan asuba."

Ga yadda muka yi, ko wata za ta amfana. Kwana uku na farko ban motsa motar ba. Zama kawai nake a kujerar direba, in riƙe sitiyari, in taka birki in saki, har bugun zuciyata ya lafa. Ya ce in na ji ƙirjina ya cika, in ja numfashi in sake shi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo. Sannan muka koma filin ƙwallo, babu kowa sai awaki, giya ta ɗaya, zagaye goma. Sati na biyu, lungunan unguwa, inda ya koya mini abin da makarantar Yamai ba ta koya mini ba: in kin shiga rairayi kada ki tsaya a tsakiya, kada kuma ki danne totur, ki riƙe giya ta biyu ki tafi da ita a hankali. Sati na huɗu muka hau kwalta. Hanya ɗaya tak muka riƙa bi, daga gida zuwa ƙofar likita mu dawo, da hantsi, da la'asar, daga baya bayan magariba da fitila. Na bi ta har na san kowane rami da kowane wurin da yara ke ɓullowa. Rana biyu na yi kuka na ce na fasa. Ya ce, "Ki yi kukanki, in kin gama ki tada mota."

Daga baya na karanta cewa masana halayyar ɗan Adam haka suke maganin irin wannan tsoro: a tunkari abin da ake tsoro kaɗan kaɗan, a maimaita, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Duk ranar da ka kauce wa abin, za ka ji sanyi a ranka, amma wannan sanyin shi ke ƙara wa tsoron ƙiba. Shekara uku ina kiwon nawa ban sani ba. Baba bai yi jami'a ba, amma ya san sannu ba ta hana zuwa.

Sai dai kada a fahimce ni baibai. Ban ce a kashe tsoro gaba ɗaya ba, kuma nawa bai mutu ba. Har yau in babbar mota ta tunkaro ni ina jin tafin hannuna ya jiƙe. Direban da ya kifar da mu a hanyar Balleyara ba ya tsoron komai, shi ya sa wata uwa ba ta koma wa ƴaƴanta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa daga shekara 5 zuwa 29. Nahiyarmu ta Afirka ta fi kowace yawan mace-macen in an auna da yawan jama'a, alhali mu ne muka fi ƙarancin motoci. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 cikin daƙiƙa ɗaya, tun kafin ƙafarka ta kai birki. Ka auna wannan da ƙofar lakwal lokacin tashi. Don haka tsoron da ke sa mutum ya rage gudu, ya ɗaura bel, ya ajiye salula, wannan a riƙe shi da kyau. Wanda nake yaƙi da shi shi ne mai sandarar da hannu ranar da ake bukatarsa.

Wannan tsoron mai amfani shi ya sa sai da na yi wata biyu ina tuƙi kafin in saka yaro a motar. Shi ya sa kuma yarana ba sa zama gaba, ba sa zama a cinyar kowa. Inna, uwar maigida, ta yi ta faɗa a kan wannan: "Jinjiri a ɗaure shi awa ɗan akuya?" Na ce, "Inna, ki yi hanƙuri, in mota ta tsaya farat ɗaya babu hannun da ke iya riƙe shi." Kujerar yara ta gwanjo muka samo a Yamai. Yanzu Inna da kanta ke cewa a duba ko an ɗaura wa jikarta.

Na san abin da wasu za su ce. Za a ce wannan maganar ƴan boko ce, gida nawa ke da mota daga Shikal zuwa Tukunus? Gaskiya ne, kaɗan ne. Amma motar da ke unguwa, da dare ta unguwa ce duka. Tun da na fara tuƙi, sau uku aka buga mini ƙofa: naƙuda biyu, da wani yaro da kunama ta harba. Maƙwabciya ta fi sakin jiki ta ta da mace ƴar uwarta cikin dare a kan ta je ta tsaya ƙofar namijin da ba muharraminta ba. Kowace mace ɗaya da ta iya tuƙi, gidaje goma sun samu hanya.

Za a ce kuma ba mutuncin mace ba ne. Uwayenmu sun kora jakai zuwa rijiya, sun tuƙa amalanke da ganguna cike da ruwa, babu wanda ya ce mutuncinsu ya zube. Mata na tuƙi a Yamai, a Maraɗi, a Kano. Saudiyya ma ta ɗage hanin tun watan Yunin 2018. Abin da ya rage mana shi ne dariyar bakin hanya, samarin da ke ihu "mace ce, ku kauce!" Na sha ta. Dariya ba ta taɓa karya wa kowa ƙashi ba.

Akwai tsoro na uku, wanda filin ƙwallo ba ya magani. Mu da ke Tilaberi mun san abin da ya sa aka hana moto, mun san garuruwan da suka yi makoki. Ba na ce wa kowa, mace ko namiji, ya kama hanyar daji da dare don nuna jarunta ba. Ni ma ba na fita gari sai da rana, sai na tambayi labarin hanya, kuma ina bin abin da hukuma ta ce. Wannan nauyi ne a wuyan masu mulki, kuma ba za mu daina tuna musu ba. Amma tsakanin gidanki da likitar garinku, wannan tazarar taki ce.

To mene ne abin yi? Ku magidanta, kai da ke da mota, ba matarka makulli tun kana nan, kada ka jira ranar da ba ka nan. In ba ka da haƙurin koyarwa, kuma yawancinku ba ku da shi, nemo wanda ke da shi. Tsawa ɗaya a kujerar gefe tana mayar da mai koyo baya wata guda. Ku mata, muna da asusu. Tsarin Mata Masu Dubara a nan Nijar aka fara shi, a jihar Maraɗi, a 1991, kuma da shi mata suka sayi awaki da injin niƙa. Ƙungiya ɗaya na iya haɗa kuɗin mai da na malami, mata biyar su koya tare, su tafi neman permi tare. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, ANISER, da masu makarantun tuƙi, muna roƙon su riƙa kawo horo manyan garuruwan karkara, da Hausa da Zabarmanci da Buzanci, don uwa mai goyo ba ta iya barin gida wata guda ta tare a Yamai.

Ke kuma ƴar uwa da permi ke barci a jakarki, ko wadda ba ta taɓa zama kujerar direba ba, ba na ce ki kama hanyar Yamai gobe ba. Gobe da safe ki shiga motar, ki rufe ƙofa, ki riƙe sitiyari minti biyar, ki fito. Jibi ki ƙara. Ni ma daga nan na fara.

Makullinmu har yanzu yana rataye a ƙusar nan ta bayan ƙofa. Watan jiya ƴar autata ta yi zazzaɓi da dare, maigida na Tawa. Na ɗauko shi, hannuna na ɗan rawa, na ce bismillah. Minti shida muka yi.

Allah ya tsare mana ƴaƴanmu, ya kiyaye hanya, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Kurfai da Nijar baki ɗaya.