Uwargida, Kafin Ki Sa Ribas, Ƙirga 'Ya'yanki

Yau ba girki zan kawo mana ba, ba kuma gyaran jiki ba. Maganar mota ce da garejin gida. Na san wata za ta ce wannan ai zancen maza ne. To ki ɗan yi haƙuri ki karanta zuwa ƙarshe, ko kina tuƙi ko ba kya yi, domin abin ya shafi yaran da ke wasa a tsakar gidanki.

Mu mutanen ƙaramar hukumar Buji ne, amma aiki ya zaunar da mu a Dutse. Gidanmu na Gantsa maigida ya gina shi tun yana da ƙaramar mota, magini ya fitar da gareji ƙafa 10 a faɗi, daidai ita. Da iyali suka ƙaru ya sayi babba, ya bar mini ƙaramar. Duk ƙarshen mako muna zuwa gida, kuma idan kaka ta yi, garejin nan ya zama rumbu: buhunan gero da dawa a jingine a bango, ga riɗi, ga babur ɗin ƙanin miji, ga janareto a lungu. A haka ake so in cusa mota.

Karo na farko da na gurje gefen motar a jikin ginshiƙin get, kuka na yi kamar an yi mini mutuwa. Ba kuɗin fenti ya dame ni ba, gorin da na san zan sha ne: “Ai dama mata ba su iya tuƙi ba.” Na yi kwana uku ina juya maganar a raina. Ashe wannan ba komai ba ne.

Wata safiyar Litinin mun makara, muna so mu kama hanyar Dutse. Na shiga mota, na tayar, na duba madubin tsakiya da na gefe biyu, ban ga kowa ba. Na sa ribas, ƙafata na kan birki ina shirin sakewa, sai babbar 'yata ta fito da gudu tana dukan gilashi tana ihu, “Umma tsaya! Umma tsaya!” Na kashe mota na fito jikina na rawa. Autana, ɗan shekara biyu, yana tsugune a bayan motar daf da bamba, yana ƙoƙarin ciro murfin kwalba da ya gangara ƙarƙashi. Ya ɗago ya yi mini dariya. Ni kuwa zama na yi a ƙasa, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Ranar ban yi tuƙi ba.

Tun daga ranar na daina ganin shiga gareji da fita a matsayin gwanintar kauce wa bango. Fenti ana sake shi, bamba ana sayen wata a kasuwa. Ɗa fa?

Abin da madubi ba ya nuna miki

Kowace mota tana da wani yanki a bayanta da direba ba ya gani, ko da madubi ko da waiwaye. Gilashin baya yana sama, yaro ɗan shekara biyu ko uku kuwa bai kai tsayin but ba, balle idan ya tsuguna. Yadda mota ta fi tsayi, haka wannan yanki yake ƙara faɗi, shi ya sa manyan motocin iyali irin su Sienna da jif suka fi haɗari a nan. Idan ke gajera ce kamar ni, abin ya ƙara yawa.

Ki gwada da kanki. Ki kashe mota, ki cire makulli, ki zauna a kujerar direba. Ki sa wani ya ɗora bokitin fenti a bayan motar, ya riƙa ja da shi baya har sai kin fara hango shi ta madubi. Ki fito ki auna tazarar da taku. Ranar da na yi wannan gwaji na sha mamakin yawan filin da nake takawa a makance kullum.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A Amurka, a shekarar 2002, wani likitan yara ya taka ɗansa ɗan shekara biyu a ƙofar gidansa yana ja da baya, yaron ya rasu. Uban ya yi ta fafutuka har aka yi doka da sunan yaron a 2008, kuma tun watan Mayun 2018 dole duk sabuwar ƙaramar motar da za a sayar a ƙasar ta zo da kyamarar baya. Motocin da yawancinmu muke hawa kuwa 'yan kwatano ne da suka girmi wannan doka. Ana iya sa wa mota kyamarar a wajen masu wayarin, kuma tana taimakawa, amma ƙurar hunturu kan rufe idonta, kuma ba ta ganin yaron da ya rugo daga gefe. Ido da ƙafa su ne na farko.

Dokar gidanmu yanzu guda uku ce. Ta ɗaya, ba na shiga mota sai na zagaya ta gaba ɗaya, na leƙa ƙarƙashi. Ta biyu, ba na motsa ta sai na ƙirga yara: ko suna cikin motar a kujerar baya, ko suna tsaye wuri guda da nake ganinsu, babba yana riƙe da hannun ƙarami. Idan lissafi bai cika ba, mota ba ta tashi, ko da sarki ke jirana. Ta uku, gilashi a sauke, rediyo a kashe, waya a jaka. Da gilashina a sauke yake ranar nan, da 'yata ba ta sha wahalar jawo hankalina ba. Kuma ku tuna ba yaran gidanki kaɗai ba ne: akwai na maƙwabta, akwai almajirin da ya fake a inuwar mota yana cin abinci.

Ki san motarki, ki san ɗakinta

Yanzu mu dawo kan fakin ɗin kansa. Yawancin gurje-gurjen da muke yi daga rashin lissafi ne, ba daga rashin iyawa ba. Ki karɓi tef ɗin awo wajen tela ko magini. Mota irin Corolla faɗinta ya kusa ƙafa 6 ban da madubai, tsawonta kamar ƙafa 15. Sienna ta kai ƙafa 6 da rabi a faɗi, tsawonta ya kusa ƙafa 17. Idan garejinki ƙafa 10 ne kika sa Corolla, saura ƙafa 4. Kika tsaya a tsakiya, ƙafa bibbiyu ke nan kowane gefe, da kyar ki buɗe ƙofa ki fita, balle mai juna biyu. Dabara ita ce ki sauke kowa da kaya a waje, ki matsa jikin bango ta ɓangaren mai zaman banza, ki bar wa kanki fili ta ɓangaren direba.

Sannan ki auna bakin ƙofar, ba cikin ɗakin kawai ba. Sau da yawa ƙyauren get idan an buɗe shi yana cinye wani abu daga faɗin, kuma iska kan turo shi kina tsaka da shiga. Ki sa a yi masa sakata ta ƙasa, ko ki tokare shi da dutse.

Ga sirrin da ya sa na gurje motata, wanda ba wanda ya faɗa mini lokacin koyon tuƙi. Idan kika karya kwana kina tafiya gaba, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, suna yanke hanya ta ciki. Shi ya sa za ki ga kan mota ya shige lafiya, amma ƙofar baya ta goga ginshiƙi. Maganinsa ki buɗe kwanar sosai, ki miƙar da motar tun tana waje, ki shiga a miƙe. Idan layinku matsattse ne, ki ja baya ki gyara sau biyu ko sau uku. Masu zaman dakali su yi ta kallo, ba su za su biya fanel bita ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Wata matsalar ita ce gangaren siminti da ake yi a kan kwata. Sai kin taka totur motar ta hau, tana hawa kuma sai ta zabura ciki. Ki hau a hankali, da zarar tayoyin gaba sun haye ki mayar da ƙafa kan birki. Idan motarki otomatik ce, za ta riƙa rarrafe da kanta, ke dai ki riƙa sassauta birki kaɗan-kaɗan. A cikin gida ƙafarki ta fi zama a kan birki.

Da gaba za a shiga ko da baya? Ni yanzu da baya nake shiga. Dalilina, lokacin dawowa ina ganin ƙofar gida da duk wanda ke wurin kafin in juya, kuma ba na sauri. Da safe kuwa, lokacin da kowa ke gaggawa yara suna ta kai-kawo, sai in fita da gaba ina ganin komai. Sai dai a ribas kan mota ne ke lilo zuwa waje, don haka ki riƙa duba kusurwar gaba kada ta daki bangon maƙwabci. In kuma ƙofar shiga cikin gida tana ƙarshen garejin, ki kashe inji da zarar kin tsaya, saboda salansa na fuskantar ɗakunanku.

Dabarun da ba sa cin kuɗi

Ki sa a faka motar sau ɗaya daidai yadda ake so, sannan a yi alamomi. A rataye ƙaramar ƙwallo ko robar ruwa marar komai da igiya daga rufi, ta yadda za ta taɓa gilashi daidai lokacin da ya kamata ki tsaya. A ajiye katako mai kauri ko bulo a ƙasa inda taya za ta tokare, a kafe shi don kada ya riƙa gusawa. A ja layi da farin fenti a ƙasa, inda tayar ɓangarenki za ta bi. A bango kuma, daidai inda bakin ƙofa ke bugawa, a manna tsohon soson katifa ko yankin taya. A sa ƙwan fitila mai caji, domin shiga gareji da magariba ba wuta shi ne rabin matsalar.

Buhunan kaka a tara su a ƙarshen ɗakin ko a nema musu wani wuri, kada a jera su a gefe. Wanda zai duba miki hanya ya zama babba, ya tsaya a gefe inda kike ganinsa. Kada ki taɓa sa yaro ya tsaya tsakanin mota da bango yana ce miki “taho, taho”. Kuskuren taku ɗaya ya isa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mata musamman. Hijabi mai faɗi kan tare gefen ido idan kin waiwaya, ki gyara shi kafin ki tashi, ki tattare lafarsa kada ta maƙale a ƙofa ko giya. Silifas kan zame ya shige ƙarƙashin birki, takalmi mai tsini ma haka. Ni na ajiye wani shafaffen takalmi a mota don tuƙi kawai.

Bayan kin tsaya

Ki sa giya a P, ko a giya ta ɗaya idan ta hannu ce, ki ja birkin hannu, ki kulle motar ko a cikin gida take, makulli kuma ya tafi inda hannun yaro ba ya kaiwa. Mun sha jin labarin yaran da suka shiga motar da aka ajiye suna wasan ɓuya, ƙofa ta rufe, aka yi ta nemansu a gari alhali suna cikin gida. A zafinmu na Afrilu da Mayu, da ma'auni ke kaiwa 40, cikin rufaffiyar mota ya fi waje zafi nesa ba kusa ba, kuma jikin yaro ba ya jurewa kamar na babba. Idan yaro ya ɓace, mota da but ɗinta na cikin wuraren da za ki fara dubawa.

Haka nan al'adar tayar da mota a bar ta tana ɗumi a rufaffen gareji, ko kunna janareto a ciki. A cikin hayaƙin akwai iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri, tana kashe mutum yana barci. A buɗe ƙofa kafin a tayar, janareto kuma a waje, nesa da taga. Jarkar fetur ma ba wurinta ba ne kusa da shi.

Na san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, komai na Allah ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Ki nuna wa maigida wannan rubutu, da direban gida, da samarin da ke ɗaukar mota ba izini. Wadda take da wata dabara da ta gwada a gidanta, ta rubuto mana 'yan'uwa su ƙaru.

Autana ya shiga aji ɗaya bana. Har yau in na ɗauki makulli, shi ne ke fara rugawa bakin ƙofa ya tsaya ya ɗaga hannu yana cewa, “Umma ga ni nan, ki ƙirga ni.” Allah ya raya mana su, ya tsare mu da mugun ji da mugun gani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.